Ƙarfen Birki da Kwantenar Gwamnati

Ƙasarmu ƙarama ce, layin dogonta ma ɗaya ne. Ya taso daga bakin teku ya miƙe arewa, garinmu kuma shi ne tasha ta kusa da ƙarshe. A zangon da ke bayan tashar aka haife ni. Ban taɓa ƙaunar kamfanin jirgin ƙasarmu ba, domin tun ina yaro na san shi da makara da ƙazantar tarago, amma a jikinsa gidanmu ya ci abinci. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tumatir take sara a ƙauyuka, ta loda a taragon kaya, ta zauna a gefen kwandunanta har babban birni. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'yanta, da ita kuma ta tura ni Amurka.

Ni dillali ne. Na fara da tallan agogo da tabarau a bakin titi a Manhattan, na yi tuƙin tasi, daga baya na kama abin da na zauna a kansa: sayen tsofaffin injuna da kayan gyara, janareta, injin tirela, famfon ban ruwa, in loda a kwantena in tura gida. Ina da sito da fili na haya a Hunts Point. Gidana kuma a Parkchester yake, inda jirgi mai lamba shida yake bi ta saman titi yana girgiza mana tagogi. Bokona bai yi nisa ba, amma na san ƙarfe, na san nauyi, na san mutane daidai gwargwado.

Wajen tsakiyar shekarun 2010 jirginmu ya fara ja da baya. Da farko yana rage zuwa, daga nan ya riƙa yin mako bai leƙo ba, sannan aka ce an dakatar da shi sai an samo kayan gyara. Yaya ta kira ni ina sito.

"Auta, jirgi ya kwanta," ta ce.

Na ce ta gwada manyan motoci. Ta ce ai ba ni ta jira ba, ta gwada. Hanya duk ramuka, ga shingen jandarma a kowane gari, kowa sai ya ɗaga ganyen kwando ya leƙa. Kafin a isa birni rabin kayan ya zama miya a ƙasan mota, ruwansa na ɗiga a titi.

"To ki huta mana, Yaya. Shekaru sun ja. Ni zan riƙa turo miki duk wata."

"In zauna ina jiran waya ta yi ƙara? Hannuna ne ya gutsure? Ka riƙe abinka ka sayi rigar sanyi."

Haka take. Ba yunwa take tsoro ba, ta san ba zan bar ta da yunwa ba. Abin da take tsoro shi ne ta tashi da asuba ba ta da inda za ta, manoman da suka saba jiran ta a bakin gona su fara jiran wani.

Na tambaye ta me ya lalace a jirgin. Ta ce birki ne. Akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa, wanda yake matse ƙafar jirgi idan za a tsaya. Cinyewa yake da amfani, sai a sake sabo. Na jirginmu duk sun cinye, ga shi kafin a isa bakin teku akwai doguwar gangara, direbobi suka ce ba za su sauke ta da rayukan mutane ba. Kawunan jirgin da taragun kuwa tsofaffi ne ƙirar Amurka, da hannu na biyu aka sayo su tun ina ƙarami.

Ba a daɗe ba shugaban ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa ya kira ni. Dattijo ne da ya tsufa a tuƙin tasi, yana zaune a University Heights, Sarki muke ce masa, rabi wasa rabi girmamawa. Ya ce tawagar kamfanin jirgin ƙasa na tafe daga gida, za su sayi kayan gyara, suna neman ɗan ƙasa da ya san kan kasuwa, shi kuma ya ba da sunana. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba. A ranar na kira Yaya na ce ta kwantar da hankalinta, abin ya faɗo hannuna.

Mutum uku suka zo. Babbansu shi ne daraktan sayayya, Direkta kowa ke ce masa, mutum mai jiki da ƙamshin turare, Hausarsa rabi Faransanci. Aka yi musu liyafa a zauren da ke ƙarƙashin masallacinmu, mata suka dafa shinkafa da wake da miyar kifi, aka yi jawabai har abinci ya huce. Direkta ya ce sun zo ne da abu biyu, su ga yadda ake tafiyar da jirgin ƙasa a New York, su kuma koma da abin da zai tayar da namu. Aka tafa.

Ni na riƙa yawo da su a motata. Mun shiga manyan kantunan New Jersey har masu gadi suka fara gane mu. Mun je wurin masu sayar da motoci, mun je wurin katifu, inda Direkta ya kwanta a kan kowace da takalminsa yana gwadawa. Wata rana na tsaya da su shan shayi a Parkchester, muna ƙarƙashin gadar, jirgi ya wuce ta samanmu da ƙararsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da kuka zo gani. Mu hau mu yi tasha biyu mu dawo."

Ya ɗaga kai ya duba, ya toshe kunne ɗaya. "Mun gani ai. Yana tafiya."

"A ciki ne za ka ga yadda yake tsayawa."

"Alhaji, ni da girmana ba zan shiga ana mannewa da mashaya ba. Rahoto dai za a rubuta."

Ɗaya daga cikin mutanensa ya ɗauke shi hoto yana nuna gadar da yatsa. Har suka bar ƙasar ba wanda ya taka ƙafarsa a cikin jirgin ƙasa.

Ƙarfen ni kaɗai na nemo shi. Na sa Yaya ta je wurin shugaban makanikan tasharmu, wanda suka san juna tun suna matasa, ta ɗauko mini hoton tsohon ƙarfe da awonsa. Na bi diddigi har wani fili a Pennsylvania inda wani ƙaramin layin dogo ya rufe ya bar sababbin kaya a sito ba a taɓa su ba. Na auna da hannuna, suka yi daidai. Na ce Direkta ya zo ya gani, ya ce yana da ganawa, na tarar ganawar da mai sayar da firij ce. A waya na nuna masa hoton. Kamfani ya biya, ba ni da ƙorafi a kan wannan, na ci ladana kamar yadda kowane dillali ke ci. Aka kawo kayan filina a ɗaure a kan katako, jeri-jeri, baƙaƙe, masu nauyin gaske. Yawansu ya isa ya tayar da jirgin ya riƙe shi shekaru. Nakan fito daga ofis in tsaya ina kallon su kawai.

Kamfani ya yi hayar doguwar kwantena ɗaya, da takardar gwamnati a kanta. Kwantena mai irin wannan takarda kwastan ba sa buɗe ta a gida, ba sa karɓar komai a kanta. Ban san wanda ya fitar da maganar ba, amma kafin a watse daga sallar Juma'a kowa ya ji.

Sai na yi bayanin saƙo ga wanda bai zauna a waje ba. A wurinmu, idan za ka gida, ko kayanka za su gida, ɗan garinku ya kawo maka saƙo, ba ka cewa a'a. Ba doka ba ce, ta fi doka. Wanda ya ƙi karɓar saƙo, ranar da uwarsa ta rasu shi kaɗai zai zauna zaman makoki. Saƙonmu kuma ba ambulan ba ne, ganga ce, shuɗiyar gangar roba mai kai wa mutum ƙirji. Matanmu masu aikin kula da tsofaffi a gidajen Turawa sukan yi watanni suna cika ta da shinkafa da man girki da sabulu da takalman yara da madara. Ban raina wannan ba, na san gumin da ke cikin kowace ganga, ni ma da jigilarsu nake ci. Amma kowa ya san ganga tana da kuɗin jirgi da na kwastan, ga kuma kwantena ta kyauta ta faɗo daga sama.

Suka fara zuwa. A tasi, a motar haya, wani ma daga Tompkinsville ya taso, ya tsallako ruwa da gangarsa. Ba wurina suke zuwa ba, wurin Direkta suke zuwa a masauki, su gaishe shi, su ajiye ɗan turare ko agogo, shi kuma ya ce, "Ba komai, kai wa Alhaji." Ya zama mai kyauta da abin da ba nasa ba. A 'yan kwanakin nan an yi masa addu'a fiye da yadda aka taɓa yi wa limaminmu. Filina ya cika da shuɗi, kowace ganga da sunan mai ita da baƙin fenti.

Ranar lodi da sanyi aka tashi, ƙarshen kaka ne, iska na kaɗawa daga kogi. Duk wanda ke da ganga ya zo ya ga shigarta da idonsa. Sarki ma ya zo da sandarsa, nasa gangunan na gaba-gaba.

Lodin kwantena yana da ƙa'ida, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Mai nauyi shi ke fara shiga, a shimfiɗa shi a ƙasa daga ƙurya zuwa baki, a ɗaure, sannan marar nauyi ya hau kai. Na ce wa mai tuƙa injin ɗaga kaya ya fara da ƙarfe. Direkta ya ɗaga hannu.

"A'a, Alhaji. Ƙarfe a ƙarshe."

"Ranka ya daɗe, ba a yin haka."

"Kai ka san lodi, ni na san ƙasarmu. Ranar da kwantenar nan ta sauka, minista zai zo, 'yan talabijin za su zo. Idan aka buɗe ƙofa me kake so su fara gani? Katifa?"

Mutane suka yi dariya. Sarki ya ce maganar Direkta akwai hankali a ciki. Na ce to aƙalla a shimfiɗa rabi a ƙasa, a bar rabi a baki. Ya ce mota ba za ta hau kan ƙarfe ba. Sai a lokacin na ga motar, an shigo da ita ta ƙofar baya: baƙar jif, kujerun fata, leda ba a ma cire ba.

"Ta kamfani ce?" na tambaya.

"Da ita zan riƙa zuwa duba layi."

"Layin ai jirgi ke bi."

Jif ta shiga ƙurya. Firij mai ƙofa biyu ya bi ta. Katifu, kujerun falo, talabijin mai faɗin ƙofa, injin wanki, da wata na'urar motsa jiki da ya ce ta Madam ce, likita ya sa ta. Sannan kayan mutanensa biyu, su ma ba su zo Amurka don kallo ba. Sannan ganguna. Ina tsaye ina lissafin nauyi a kaina, ina kallon fili yana ƙarewa. Da aka zo kan ƙarfe, abin da ya rage a kwantenar bai fi wurin da mutum zai shimfiɗa tabarma ya yi salla ba.

Ko da ma akwai wurin, nauyi ba zai bari ba. Direban tirelar da zai ja kwantenar zuwa tashar ruwa, wani mutumin Dominika da muka daɗe muna aiki tare, ya duba abin da ya shiga, ya duba ƙarfen, ya girgiza kai. Ya ce akwai ma'auni a hanya, idan ya wuce ƙa'ida lasisinsa ne zai tafi, ba na Direkta ba. Ko a fitar da kaya da yawa, ko ƙarfe ya zauna.

Na juya na fuskanci jama'a. Na ce, "Jama'a, kwantenar nan saboda ƙarfen nan aka yi hayarta. Duk wanda ya fitar da gangarsa, ina da lodi nan gaba kaɗan, zan sa masa a ciki a kan rangwame."

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa ko a waya.

Matata ma ta kawo ganga ɗaya, ta ƙanwarta da ta haihu. Na hau da kaina na mirgino ta waje, ina zaton kunya za ta kama sauran. Kafin in sauke numfashi wani mai shagon waya ya tura tasa a gurbin.

"Malam, me kake yi haka?"

"Na ga wuri ne, Alhaji."

Wata Hajiya mai sayar da abinci ta rungume gangarta da ba ta riga ta shiga ba, ta ce kayan auren 'yarta ne, an sa rana, duk wanda ya hana ta shiga ita da shi har gaban Allah. Wani ya ce tasa magungunan tsohuwarsa ne, alhali ni na ga lokacin da ake cusa takalman ƙwallo a ciki. Na dubi jif, na dubi Direkta. Na ce motar nan kaɗai idan ta fito, ƙarfe da yawa zai shiga. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa ya ce fitar da ita sai an sauke kayan bayin Allah duka, shi kuma ba zai wulaƙanta 'yan ƙasarsa a cikin sanyin nan ba. Aka yi ta cewa Allah ya ƙara girma.

Sarki ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata.

"Alhaji, ɗana, ka yi haƙuri. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Ko shekara ya yi a nan, ƙarfe ne."

"Tumatir na ruɓewa, Baba."

"Wane tumatir kuma?"

"Baba, ƙanenka da ke gida da me yake kai doyarsa birni?"

Sai ya ce Direkta ya yi alkawarin kwantena ta biyu wata mai zuwa, babba kuma ba ya magana biyu. Daga baya na ji muryar wani yana cewa, "Shi ai ya riga ya ci ladansa, mu ne ba ya so mu ci." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya ba Direkta ba ne. Irinsa na sha gani, ɓarawo ne mai turare, bai kuma ɓoye ba. Mutanen da ke tsaye a filin ne. Kusan kowannensu a bakin layin dogon nan aka haife shi. Kowa yana da uwa ko ƙane ko suruki da jirgin nan ke ɗauka zuwa asibiti, zuwa kasuwa, zuwa makaranta. A masallaci su ne kan gaba wajen zagin gwamnati ta kashe ƙasa. Kowace ganga a filin tana da mai ita a tsaye a kanta, yana shirye ya yi dambe. Ƙarfen kuwa na kowa ne, saboda haka ba wanda ya tsaya kusa da shi.

Na yi tunanin kulle ƙofar filin. Amma kwantena da sunan kamfani take, Direkta ke sa hannu, kuma da na kulle, wani filin za su kai ta a yi lodin ba tare da ni ba. Direkta ya sa aka kwance ɗauri ɗaya, aka jera ƙarafan a bakin ƙofa, ɗaya a kan ɗaya, kamar ginin bulo mai kauri ɗaya, daga ƙasa har ya rufe abin da ke baya. Ya ja da baya ya duba, ya sa aka juyo da waɗanda tambarinsu ya fi fitowa. Ya miƙo mini hatimin kulle ƙofa, na ce hannuna ya yi sanyi. Ya sa da kansa. Aka yi fatiha, tirela ta fita. Matata ba ta yi mini magana ba har muka isa gida, gangar ƙanwarta na bayan mota.

Ban kira Yaya ba, na rasa ta inda zan fara. Ita ta kira ni bayan kwantenar ta sauka, muryarta kamar ta yarinya.

"Auta, mun gan su a talabijin. An buɗe ƙofa, ƙarfe har sama. Na ce wa matan layinmu ƙanena ne ya sayo. Har na shiga ƙauye na gaya wa mutanena kada su ba kowa tumatirin bana, ni zan ɗauka."

Na gaya mata gaskiya, ban rage komai ba. Ina jin kukan akuya a bayanta.

"To sauran suna ina?"

"Ga su a gabana."

"Allah ya kyauta," ta ce, ta kashe waya.

Da ɗan abin da ya isa aka gyara kan jirgi ɗaya da tarago biyu. Aka ɗaura tutoci, minista ya hau daga babban birni zuwa tasha ta farko ya dawo, ba a kai ga gangarar ba. Garinmu ko ƙararsa ba a ji ba. Kwantena ta biyu ba ta zo ba. Direkta ya ɗauki wayata sau ɗaya ya ce ana kan kasafin kuɗi, daga nan lambar ta daina shiga. Masu ganguna kuwa kowa ya zo yana ba ni labarin yadda kayansa suka isa lafiya, ko murfi ba a taɓa ba. Hajiya mai abinci har da kawo mini hoton biki.

Dusar ƙanƙara ta sauka a kan ƙarafan, ta narke, na sa aka shigar da su sito, suka cinye mini wurin da zan sa janaretoci. Da na ga ba mai zuwa, na ce bari in yi abin da na iya. Duk lodin da na yi na kaina, sai in shimfiɗa wasu a ƙasa, da sunan Yaya, in biya kwastan kamar kowane kaya. A hankali suka taru a zaurenta har suka isa a gyara taragun kaya da yawa. Ta ɗauki hayar amalanke ta kai su wurin shugaban makanikai.

Ita ta ba ni labarin yadda suka yi. Ta ce ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya shafa shi da tafin hannu kamar mai duba goro, ya ce su ne, ba ko shakka. Sannan ya mayar da shi kan amalanke.

"Hajiya, mayar da su gida."

"Ba su kake nema ba?"

"Su nake nema. Amma a wurin kamfani kayan nan sun riga sun iso, minista ya karɓa, duk ƙasa ta gani. Idan na karɓi waɗannan, na ce wancan ƙarya ne ke nan. Saura kaɗan in yi ritaya."

"To ka ɗaura su a ɓoye mana, wa zai leƙa ƙarƙashin jirgi?"

"Jirgi ya tashi a ɓoye? Za a tambaye ni da me ya tashi."

Ta ce har bakin ƙofa ya rako ta yana ba ta haƙuri, shi ya biya mai amalanke kuɗin komawa.

Manoman sun jira ta iya jira, daga baya suka ba wani mai manyan motoci biyu, ba ta ga laifinsu ba. Rumfarta ta kasuwar birni ta bar wa wata. Na sake yi mata maganar turo mata duk wata, ta ce in na ƙara za ta daina ɗaukar wayata.

Bayan shekara biyu ko uku Sarki ya kira ni, ya ce sabuwar tawaga na tafe, wannan karon maganar sabon layi ce gaba ɗaya, za a yi liyafa, ana son kowa ya kawo gudummawa, ni kuma in shirya motata. Na ce motata ta lalace. Ya ce ya gan ni a cikinta ranar Juma'a. Na ce bayan Juma'ar ta lalace. Na ji an yi liyafar, an cika, mutane tun a ranar suna tambayar ko akwai kwantena.

A makon ne Yaya ta turo mini hoto. Filin da ke gaban tasharmu ya zama tashar manyan motoci, ciyawa ta rufe layin a baya. Tana zaune a kan ɗan benci da zani ɗaure a ƙirji a kan riga, ga babban kasko a gabanta, doya da ƙosai na soyuwa, direbobi a tsaye suna jira. Na ƙara girman hoton don in ga fuskarta, sai idona ya sauka a ƙarƙashin kaskon. Ƙarfen birki uku ne, an kafa su a ƙasa, lanƙwasarsu ta rungumi gindin kaskon daidai, wuta na ci a tsakani.

Na kira ta.

"Ka ga murhuna?" ta ce. "Dutse fashewa yake in ya sha wuta, wannan ko gezau. Ka iya sayen kaya, Auta, wannan kam ba a cuce ka ba."

"Yaya, na zauren fa?"

"Sun ƙare. Masu tuwo sun ɗauka, masu shayi sun ɗauka, mai dafa wa makaranta ma ta zo. Akwai saura a wurinka?"

Na waiwaya na dubi ƙuryar sito. Na ce akwai.

"To in za ka yi lodi ka sa mini uku. Maƙwabciyata mai awara ta dame ni."

Na sa mata shida.